Yadda na ɗaura talabijin mai doro inci 29 a cikin akwatin gem na tsaye

Akwatin gem na tsaye, irin wanda mutum ke tsayawa gabansa ya kama sanda yana danna maɓallai, duk kafinta mai hankali zai haɗa shi a kwana biyu in ka cire wuri ɗaya, wato inda talabijin zai zauna. Nawa a Mabera, unguwa a Sakkwato, na haɗa shi, da tsohon talabijin mai doro inci 29, saboda wasanni irin Street Fighter II na 1991 don irin wannan gilashin aka zana su, mai faɗi huɗu tsayi uku, kuma in ka sa su a filasma sai hoton ya baje ya yi kaushi. Aikin da na ɗauka na mako ɗaya ne ya ci mako uku, ya kuma ci rabin allon katako a banza. Zan kawo shi bi da bi yadda aka yi, har da wuraren da na sa ƙeya a gaba.

Na fara da abin da ya kamata ya zo daga baya. Na samo zanen akwati a intanet, na je wurin 'yan katako na sayi filai mai kaurin milimita 18 guda biyu, kowane ƙafa 4 da ƙafa 8, na kai wa kafinta ya yanke gefe biyu da allunan tsakiya bisa awon zanen, faɗin ciki santimita 60. Sai bayan nan na tafi neman talabijin. Da aka cire kwalbarsa, wato babban gilashin da ke nuna hoto, daga roba aka auna, daga kunne zuwa kunne (ƙarafan kusurwa da ake ɗaure ta da su) santimita 63 ce. Duk allunan tsakiya sun tashi a banza, sai da aka sake yanko wasu masu santimita 68. Gefunan ne kawai suka tsira, su ma da ƙyar, don zurfinsu a daidai wurin talabijin santimita 60 ne, kwalbar kuwa da allon da ke wuyanta ta kusa 50, kuma in ta kwanta baya kaɗan sai wuyan ya ƙara matsowa kusa da ƙofar baya. Zanen intanet don wata kwalba aka yi shi, ba taka ba. Talabijin ake fara saye, a tuɓe shi, a auna, sannan zarto ya taɓa katako.

Mai doro yanzu ba a shago ake samunsa ba, sai wurin masu gyara, inda suke jibge a bayan rumfa ƙura ta rufe su. Na duba guda huɗu kafin in zaɓa. Kowane sai da aka kunna shi ya yi kamar rabin awa, don wasu lahanin ba sa fitowa sai ya ɗauki zafi. Na nemi a sa hoto mai fari da yawa in ga ko farin ya karkata zuwa kore ko ja, alamar kwalba ta gaji, na kashe shi na haska gilashin da fitilar waya ko akwai tambarin wata tasha da ya ƙone ya zauna, na kuma gwada ramukan AV na baya, tunda ta nan hoton wasan zai shiga. Na karɓi rimot, don wasu ba sa komawa AV sai da shi. Na kuma sa aka rubuta mini rasidi da lambar da ke bayan talabijin ɗin, kayan hannu ne, ba ka san inda ya fito ba. A hanya muka tsaya wurin mai hatsi muka ɗora shi a sikeli: kilo 44. A Keke Napep an juya fuskarsa ta jingina da kujera, da matashi a tsakani, domin kusan duk nauyin a gilashin gaba yake, in ka bar fuskar tana kallon hanya birki ɗaya zai kifa shi.

Tuɓe shi kuwa ban yi da hannuna ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi in ba sana'arsa ba ce. A gefen kwalbar akwai wata roba zagayayya da ta manne kamar ƙahon wanzami, da jar waya mai kauri da ta fito daga filaibak, wato tiransifomar da ke ba kwalbar babbar wuta. A nan wuta takan kai volt 25,000 zuwa 30,000 lokacin da talabijin ke aiki, kuma kwalbar tana riƙe wani abu daga ciki bayan an kashe. Da na sa hannu zan share ƙura a wurin, mai gyaran ya buge mini hannu ya ce, "Malam, wagga kwalba ba a yi mata gaggawa. Ko tun jiya anka kashe ta, da sauran wuta cikinta." Ya zare fulogi daga bango, ya ɗaura waya a ƙarfen sukudireba mai mariƙin roba, ya maƙala ɗaya bakin a saƙaƙƙiyar wayar da ta ratsa bayan kwalbar, ya mai da hannun hagu baya, ya zura bakin sukudireban ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙarfen ciki. Ta yi ƙara, tas. Ya jira minti biyar ya sake, don takan tara wata 'yar wuta bayan an sauke ta farko. Babban kafasita, ma'ajiyar wuta da ke kan fanel, wato allon kayan wutar talabijin, shi ma ya sauke shi, wanda ke riƙe sama da volt 300. Kafin a zare kowace waya na ɗauki hotonta da waya: ta yok, naɗin wayar da ke wuya, ƙaramin allon ƙarshen wuya, wayar digos mai goge maganaɗisu daga kwalba, wayar ƙasa, da na sifika. Naira 5,000 ya karɓa, har da alkawarin zuwa ranar haɗawa.

Kwalbar tsirara an kwantar da ita rubda ciki a kan tsohon bargo. Ana ɗaukarta mutum biyu, ta kusurwoyin gilashin gaba, ba a taɓa kama wuya, gilashin wurin siriri ne kuma cikin kwalbar babu iska, in ya fashe ta mutu ke nan, ba gyara. Zoben ƙarfen da ya zagaye bakinta, wanda kunnuwan nan huɗu ke jikinsa, shi ke hana ta tarwatsewa in ta fashe, don haka ba a huda shi, ba a sassauta shi, ba a kai masa walda. Ƙananan zobban da ke wuya da 'yan robobin da suka tokare yok su ma a bar su yadda suke, da su aka daidaita launi tun daga masana'anta. Abu ɗaya da na kusa zubarwa ya zama mafi amfani a aikin: robar gaban talabijin. Ramukan sukuru huɗu da ke bayanta su ne ainihin tazarar kunnuwan, don haka ita za ka kai wa kafinta da mai walda a matsayin ma'auni, kwalbar ta yi zamanta a ɗaki.

Daga nan na yi kuskure na biyu. Na ce a yanke allon MDF a fafe tsakiyarsa, a ɗaure kunnuwan a kai, a kafe shi tsakanin gefe biyu da sukuru shida-shida daga waje. Kafintan, dattijo ne, ya dube ni ya ce, "Ɗana, sukuru ba shi ɗaukar kaya, riƙo ɗai shika yi." Na ce, "Baba, a dai gwada." Allah ya taimake ni ba da kwalbar muka gwada ba. Buhun siminti kilo 50 ne, ya fi kwalbar nauyi, kuma a garin da ake yin siminti a Kalambaina ba abin wahalar samu ba ne. Muka rataya shi da igiya a allon muka tafi. Da safe allon ya yi ciki, gefensa ya tsage tsawon sukuru uku, na ƙasa sun fara zamewa. Dalilin a fili yake in ka duba bakin allon: MDF garin katako ne da aka matse da gam, fuskarsa na da ƙarfi amma gefensa sukuru na shiga yana raba shi kamar an ɓare gurasa. Ga shi kuma an fafe tsakiya, abin da ya rage siririn baki ne na santimita huɗu ko biyar yana ɗauke da komai. In damina ta zo ya sha laima, abin ya fi haka muni.

Abin da muka koma yi shi ne mu sama wa nauyin hanyar sauka har ƙasa, ta kan katako da ƙarfe, ba ta haƙoran sukuru ba. A cikin kowane gefe an kafa tubaitiri, wato mai inci biyu da uku, na katako mai tauri, busasshe, a karkace daidai yadda fuskar talabijin za ta kwanta. Ba mu da ma'aunin kusurwa, sai muka yi da tef: duk santimita 10 da ka hau sama, ka koma baya santimita 3, wannan ya ba da kusan digiri 17, ya dace da mai wasa a tsaye in tsakiyar gilashin yana wajen santimita 130 daga ƙasa. Kowane tubaitiri an shafa masa gam, an matse shi, aka huda shi tare da filai aka zura bol M8, wato mai kaurin milimita 8, mai zagayayyen kai guda uku, tsawon milimita 80, kan a waje, washa mai faɗi da noti a ciki. Babu ramin da ya matso bakin filai ƙasa da santimita 5. Sannan daga ƙasan kowane tubaitiri aka tsai da wani a miƙe har ya taka gindin akwatin, kamar ginshiƙi, ta yadda ko bol ya saki akwai abin da ke tokare. Gefe biyun sai an zana layin a haɗe, ɗaya kan ɗaya, kafin a raba su. In ka auna kowane daban, sai ka tarar da bambancin santimita ɗaya, firam ɗin da zai ɗauki kwalba ya zauna a murɗe.

Firam ɗin da kwalba za ta kwanta a kai na ƙarfe ne. Na kai wa mai walda robar gaban da takardar awo: ƙarfen angul na inci ɗaya da rabi, kauri milimita 4, a haɗa shi kusurwa huɗu, faɗin waje santimita 67.5 don ya shige tsakanin gefuna ba tare da an dake shi ba, a kowace kusurwa a liƙa ɗan faranti mai kaurin milimita 5 inda kunne zai sauka. Aikin awa biyu ne amma na yi kwana biyu ina zarya, ranar farko babu wuta, ta biyu akwai aikin ƙofofi uku na wasu a gabana. Ka tsaya a wurin lokacin da ake yi. Zafin walda na jan ƙarfe, don haka a fara ɗiga masa a kusurwoyi kawai, a auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta ɓangare biyu, in awon ya zo ɗaya sannan a cika. Namu na farko ya bambanta da milimita 6, aka fasa ɗigo ɗaya aka gyara. Bayan ya huce muka kwantar da shi a daɓen siminti mu ga ko yana rawa, sannan aka ɗora robar aka sa alamar ramuka aka huda da bakin milimita 9. An ƙara ramuka biyu a kowane gefe don ɗaure shi a tubaitiri, aka shafa jan fenti na hana tsatsa. Ƙarfe da kuɗin hannu naira 14,000.

Bol da noti a Babbar Kasuwa na same su. Ka tafi da hoton kunnen da awon raminsa, nawa M8 ya shige, na wasu sai M6. Na sayi bol huɗu masu tsawon milimita 40 na kunnuwa, noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, washa masu faɗi da suka rufe ramin kunnen gaba ɗaya, da washa na roba. Kuɗinsu duka bai kai na rabin allon filai ba, a nan ne kuma mutane ke son yin tsimi.

Ranar haɗawa mai gyaran ya zo bayan La'asar, muka zama mu uku. Dabarar da ta sauƙaƙa komai ita ce kwantar da akwatin a bayansa a ƙasa. An ɗaure firam a tubaitiri, aka zuro bol huɗun daga baya aka danne kowane da siririn noti, suka tsaya kamar turaku, aka sa washan roba. Mutum biyu suka ɗauko kwalbar fuskarta sama, na uku ya durƙusa yana kallon wuyan yana cewa dama, hagu, har ya shige tsakiyar firam bai gogi komai ba, kunnuwan suka sauka kan turakun. Ta gaba ake saka ta, don in akwatin ya miƙe nauyinta ya danna kunnuwan a kan ƙarfe, bol aikinsa kawai hana ta zamewa. Kafin a ɗaure, mai gyaran ya danna kowace kusurwa da yatsa, ɗaya tana lilo da kamar milimita 2. Ba a jawo irin wannan da sifana, sai ka murɗe zoben ka sa gilashi cikin takura. Washa ɗaya muka ƙara a ƙarƙashi ta zauna. An ɗaure notin a giciye, na sama dama sannan na ƙasa hagu, kaɗan-kaɗan, aka tsaya da zarar robar ta fara matsuwa. Da muka tayar da akwatin gabana ya faɗi, ban saki numfashi ba sai da ya tsaya a ƙafafunsa. Tsakanin allon wuya da ƙofar baya akwai santimita 6. Ƙasa da 5 ban yarda da shi ba, don wata rana wani zai jingina akwatin da bango da ƙarfi.

Fanel ɗin an bar shi a farantin robarsa na asali, aka kafe a wani kanta na filai ƙarƙashin kwalbar, kusa yadda wayoyin za su kai ba tare da an ja su ba, kuma babu inda ya taɓa firam, tunda ɓangaren da wutar bango ke shiga yana da rai. Saƙaƙƙiyar wayar ƙasa da sifirin ɗinta ta koma bayan kwalba, wayar digos ta koma yadda ta zagaye ta, jar wayar ta yi nesa da ƙarfe. Aka kunna, hoto ya fito, amma kusurwar sama ta dama ta yi shunayya, ta ƙasa ta yi kore. Na ɗauka mun lalata ta. Ashe firam ɗin ne ya ɗauki maganaɗisu wurin walda. Digos na cikin talabijin yana aiki ne daƙiƙa kaɗan lokacin da aka kunna shi a sanyi, kuma sai ya huce kamar minti 20 kafin ya sake. Mun yi haka sau biyu tabon ya ragu bai tafi ba, sai mai gyaran ya fito da nasa zoben digos na hannu, ya zagaya fuskar da gefunan yana ja da baya a hankali har taku huɗu kafin ya kashe, launin ya koma daidai. Sifika ma na asalin talabijin ɗin muka mayar, manyan da na saya don sama maganaɗisunsu ya fara jan launi tun daga tazarar taƙi ɗaya.

Saura kifewa, wadda ban yi tunaninta ba sai da na ja allon sanda da hannu biyu kamar yadda yaro zai yi in wasa ya yi zafi, na ga gindin baya ya ɗaga. Kilo talatin da wani abu na gilashi ne a sama kuma a gaba. Muka cire tayoyi huɗun da na sa, aka bar biyu marasa juyawa a bakin baya, waɗanda ba sa taɓa ƙasa sai an karkato akwatin za a tura shi, gaba kuma aka sa ƙafafun katako. A ƙasan baya an yi wani ɗan gurbi aka kulle buhun yashi kilo 20, daga sama kuma ƙarfe mai lanƙwasa biyu suka kama bango da bol. Inda yara ke wasa wannan na bangon ba abin a bari sai gobe ba ne.

Zafin Sakkwato tsakanin Maris da Mayu yakan wuce digiri 40, talabijin irin wannan kuma yana cin wuta wajen wat 100 ko fiye, kusan duk zafi yake zama a cikin rufaffen akwati. An fafe taga a ƙasan ƙofar baya da wata a sama, ta saman an sa mata fanka ta kwamfuta mai santimita 12 da volt 12 tana fitar da iska waje, duka biyun an rufe su da ragar sauro saboda ƙadangaru da ɓeraye da kyankyasai. Ragar ba ta hana ƙurar hunturu, kwalba kuma jan ƙura take yi, in ta taru kusa da ƙahon nan ta sha laimar damina sai ka ji tana tsiii. Duk wata uku ana zare fulogi a bar shi ya kwana, a hure da abin hura iska ba tare da sa hannu ba. Gilashin kariya na gaba, roba ce mai haske ta milimita 5, an bar santimita ɗaya tsakaninta da fuskar kwalba don naushin wanda aka cinye ya ƙare a kanta.

Da hunturu ya yi wata ɗaya na buɗe baya na sa sifana a bol shidan da ke gefuna, kowane ya ƙara juyawa kusan rabin zagaye. Ba kwancewa suka yi ba, tubaitirin ne ya ƙara bushewa ya tsuke, duk da mai katako ya rantse busasshe ne. Na kunnuwa ba su motsa ba tunda ƙarfe ne kan ƙarfe, ban kuma taɓa su ba. Da zan sake, tun farko zan ajiye katakon mako biyu a inuwa, in shafa masa maganin gara kafin gam, in yi gwajin buhun siminti a kan firam ɗin ƙarfen ma kamar yadda aka yi wa na MDF, wanda ɗoki ya sa muka tsallake. Zan kuma yi firam ɗin da faɗi da tsayi ɗaya, akwatin ya ƙara faɗi kaɗan, yadda za a iya juya kwalbar ta tsaya don wasanni irin Pac-Man na 1980 da aka yi su a tsaye.

Wanda zai sa filasma aikinsa ya fi sauƙi nesa, amma tubaitiri da bol ɗin nan ba sa canzawa. Allon filai mai faɗin santimita 20 ko 25 ake gittawa a kansu, a huda shi daidai ramuka huɗun da ke bayan filasmar, waɗanda ake kira VESA. Masu tazarar milimita 75 ko 100 sukuru M4 suke ci, masu 200 galibi M6, manya masu 400 M6 ko M8. Inda ake ɓarna shi ne tsawon sukuru: ka zura tsinken ashana a ramin ka ga zurfinsa, ka haɗa da kaurin allon da na washa, ka rage milimita 2. Ramin da yawa bai wuce milimita 10 ba, kuma abin da ke bayansa fanel ne.